Jinyar da Na Yi wa Yaya

A unguwarmu ta Matameye, in dai zancen jinya ya taso, ni ake kawowa misali. Uwar miji ta ce wa surukarta, "Je ki ga yadda wance take riƙe da yayar mijinta, ki dawo ki ba ni labari." Malamar da ke koya wa matan aure karatu da la'asar ta taɓa yin wa'azi a kaina, ba ta kama suna ba, amma duk ajin sai da ya waigo. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Allah dai ya karɓa." Abin da zan rubuta a nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma a hankali zan rubuta shi, don hannuna na dama ba ya jure riƙon alƙalami na dogon lokaci.

A da ni mai kitso ce. Ba irin masu kitson da za su ja miki gashi har idonki ya koma gefe ba. Wajen kakata na koya, tun ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma har yau ina alfahari da cewa kitsona ba ya sa ciwon kai, ba ya kuma kwancewa kafin sati uku. Shuku, kalaba, doka ta tsofaffi, duk wanda kika kawo kai zan yi miki. In Salla ta matso, tun hantsi tsakar gidana ke cika, wata na tsifa, wata na gyangyaɗi, wata na rigimar ita ta riga zuwa. Daga Icirnawa da Ɗan Barto ake aiko mini in je in yi wa amare. Maigidana, kamar yawancin mazan unguwarmu, da an kai amfanin gona gida yake ƙetara iyaka ya tafi Kano cin rani, sai an yi ruwan shuka ya dawo. Da yatsun nan goma nake riƙe gidan rabin shekara, ban taɓa zama ina zuba ido a hanya ina jiran aike ba.

Yaya kuwa yayar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi, a ɗakinta ya tashi bayan ta yi aure, ita ta nema masa ni. Don haka ni ba yayar miji kawai na samu ba, har da uwar miji ta biyu. Mijinta ya rasu da daɗewa, gidanta na jikin namu, katanga ɗaya ce tsakani, kuma katangar ma an fasa mata ƙofa. Kowa Hajiya yake ce mata. Doguwa ce, mai jiki, mai murya, in ta yi dariya a gidanta sai kajinmu su watse. Ba a haihuwa, ba a rasuwa, ba a sa ranar aure a unguwar nan ba tare da ta sa baki ba. Har na haifi biyar, ba ta daina ce mini Amarya ba.

Wani rani, ina dawowa daga kitson biki a Ɗan Barto a bayan kabu-kabu, akuya ta gitta mana. Mai babur ya kauce mata ya faɗa yashi, ni kuma na tare ƙasa da hannun dama. Na ji ƙarar da kunnena, a wuyan hannu. Aka kai ni asibiti a Damagaram, aka ɗaure hannun da farar ƙasar nan tasu mai tauri har sati shida. Ranar da aka fasa ta, ban gane hannuna ba. Ya rame, fatar ta yi fari-fari, yatsun sun ƙi dunƙulewa sun kuma ƙi miƙewa.

Daga nan aka tura ni wani ɗaki wajen ma'aikacin da ke koya wa gaɓoɓi motsi bayan ciwo, wanda suke ce wa kine. Wani gajeren mutum ne mai sanƙo, ba ya gaggawar magana. Ya lanƙwasa mini yatsu ɗaya bayan ɗaya har na yi salati da ƙarfi, sannan ya ba ni takarda mai zane-zanen hannu. In tsinci wake daga wannan kwano in zuba a wancan. In matsa ƙwallon tsumma. In tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu kamar suna tafiya. Sau uku kullum.

"Madam," ya ce, "ƙashi ya haɗe, namu aikin ya ƙare. Saura naki. Zai yi zafi, ki yi haƙuri ki yi. Wata ukun nan na farko su ne naki. In kika bari suka wuce, hannu ya saba da zaman banza, ba ni ba, ko wa kika kai wa ba zai dawo miki da shi yadda yake ba."

Na ce masa da hannun nan nake ci, zan yi.

Kuma na yi, kwana tara. Ina yi ina hawaye, amma ina yi. A rana ta goma, ina tsaye gaban bangon ɗakina da hantsi, yatsuna suna rarrafe a jikin siminti, sai ga Yaya ta shigo da mata shida ƴan dubiya. Ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku ga Amarya tana tatata da yatsu!"

Ta leƙa ta ga kwanonin wake, ta tambaye ni, na gaya mata. Wayyo, da ma ban faɗa ba. Ta zauna a tabarma ta ja kwanonin gabanta, ta karkace baki, ta shiga tsintar waken ɗaya-ɗaya tana nishi, tana kwaikwayona. "Maganin lokotoro ke nan, likitan asibiti! Kun ji fa, an je har Damagaram an sayo tsintar wake!" Matan nan suka yi dariya har wata ta kwanta. Ni ma na yi, don ba a barin babba ya yi dariya shi kaɗai. Kafin la'asar labarin ya gama unguwa.

Washegari ta dawo da man kaɗanya da tsohon kallabi. Ta shafe hannun, ta rataye mini shi a wuya. "Karaya hutu take so," in ji ta. "Mu da muka ga karaya tun ba a haifi wannan yaron mai takarda ba." Takardar ma ta karɓa, wai za ta nuna wa ɗanta in ya zo, ban sake ganinta ba. Daga ranar, kullum tana nan daga hantsi zuwa la'asar, ita da ƴan dubiya. Kun san halin dubiyarmu. Mutum ya bar aikinsa ya taso ya zo ya ce miki sannu, dole ya same ki a zaune kina fuskar majinyaci. In ya same ki a tsaye kina wasa da bango, kin kunyata shi. Na buga wa maigida waya na yi masa ƙorafi, ya ce, "Ki bi maganar Yaya, ta fi mu sani." Da ranar komawa asibiti ta zo, ta ce girgizar mota za ta raba ƙashin, na zauna.

Ba zan wanke kaina tas ba. Da na so, da na ɓoye na yi, kuma na yi ɗin sau biyu ko uku. Amma abu ne mai zafi, kuma duk wanda aka taɓa ba irin takardar nan ya san yadda zuciya ke maraba da dalilin dainawa. Ga zafi, ga kunya, ga babba na cewa bari. Na bari.

Sai da damina ta faɗi maigida ya dawo ya mai da ni wajen kine, wata biyar bayan nan. Mutumin ya juya hannun, ya sake juyawa, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka yi abin da za a iya. Babban yatsa da manuni suka dawo suna haɗuwa, ba ƙarfi. Ƙananan biyun suka lanƙwashe zuwa tafin hannu, har yau suna nan haka. Na zaunar da ƴata na gwada yi mata kalaba, na yi awa guda a kan layi uku, kafin magariba sun kwance. Matan da ke rigimar layi a tsakar gidana suka koma wani gida, suna gaishe ni a hanya da murya ƙasa-ƙasa.

Duk wannan da na iya haɗiyewa. Da na ce jahilci ne, da ƙauna ta yi, ƙaddara ce. Amma wata rana a gidan suna, ina bayan zana ina wanke kwanoni da hannu ɗaya da rabi, na ji muryarta, wadda ko kurma zai ji. Wata baƙuwa ce ta tambaya ina mai kitson nan ta unguwar.

"Ai ragwanta ce ta kashe mata hannu," in ji Yaya. "Lokotoro ya ba ta aiki, har da takarda, ta ƙi yi. Ni da bakina ba irin faman da ban yi da ita ba."

Na ajiye kwanon a hankali don kada ya yi ƙara. Na goge hannu, na fito, na durƙusa na gaishe ta, na kawo mata ruwa. A ranar na ƙulla ta a raina, ƙulli irin wanda ba a kwancewa da haƙori. Shekara goma sha ɗaya ina gaishe ta kowace safiya, ina kai mata tuwo kowane dare, ina amsa Amarya. Ban taɓa roƙon Allah ya saukar mata da ciwo ba. Amma ban taɓa ce mata "Allah ya ƙara lafiya" har cikin zuciyata ba.

Ciwon ya zo da kansa, shi ma da rani, maza duk suna Najeriya. Tana alwalar azahar buta ta suɓuce mata, ta zame ta kwanta a gefen rariya. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana ta koma gurnani. Ƴaƴanta maza biyu suna Kano, matan suna gidajen aurensu, ta kusa ma goyon jariri take yi. Maigida ya bugo waya ya ce, "Ga Yaya nan, amana." Ni na bi ta Damagaram, ni na kwana a ƙasan gadonta sati biyu.

Kafin a sallame mu aka tura mu ɗakin nan dai da na sani. Mai sanƙon ba ya nan, wata yarinyar mace ce kine yanzu, siririya, mai saurin magana. Da ta ji ni ce mai jinya, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla a gaban Yaya.

"Inna, ke ce likitarta a gida. Abu na farko, kada ki ba ta abinci a baki. Ta ci da kanta, ko da hagu ne, kina sa mata ludayi a daman tana gwadawa. Kada ta wuni a kwance. Ta zauna bakin gado, ta kama hannun nan da mai lafiyar ta ɗaga sama, ta miƙe ta dafa ƙofa. Za ki ji tausayinta, to tausayin ne zai kwantar da ita. Watannin nan na farko su ne komai. Jikinta da ƙarfi, in aka dage, ina sa ran za ta taka, har ta ci da hannunta."

Na yi mata tambayoyi masu kyau, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayan abinci. Ta ce da duk masu jinya irina ne da aikinta ya yi sauƙi. Ta ba ni takarda.

Wallahi ban fito ɗakin nan da wani shiri ba. A mota ne abin ya zo mini. Yaya na jingine a kafaɗata, miyau na zuba a mayafina, takardar na cikin jakata. Muna wuce Takeita maganar yarinyar ta dawo mini, cewa tausayi ne zai kwantar da ita. Kafin mu kai Kance na gama sanin abin da zan yi, kuma wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da jin irinsa tun ranar da na faɗi daga babur.

Ban taɓa zaginta ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ban bar ta da yunwa ko da ƙazanta ba ko na awa ɗaya. Ɗakina na ba ta, na sa sabuwar katifa, na turara shi. Takardar kine kuwa ban ɓoye ta ba, a bango na manna ta daidai inda duk mai shigowa zai gani. Sannan na buɗe ƙofar gida ga ƴan dubiya. Hajiya ce fa, wadda ta je sabgar kowa, don haka garin ya taso. Na shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, ina dama musu fura, ina cewa, "Ku ɗan ƙara zama mana, tana jin daɗin ganinku." Daga hantsi zuwa magariba tana kwance an lulluɓe ta, ana zuba mata sannu.

Ranar farko da aka kawo tuwo, ta miƙa hannun hagu za ta ɗiba, kamar yadda aka ce mata. Na riƙe hannun a hankali.

"Haba Yaya! Da hagu? Ke Hajiya guda, a gaban mutane, ina raye?"

Matan da ke ɗakin suka ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴar nan." Na wanke hannu na shiga ba ta a baki, loma-loma, ina goge mata gefen leɓe. Ta dube ni, ta haɗiye.

Abin da ya kamata a sani shi ne, Yaya ba raguwa ba ce. Da raguwa ce da ban ji daɗin abin ba. Bakinta ne ya mutu, kanta garau yake, ta ji duk abin da yarinyar nan ta faɗa kuma ta yarda da shi, yanzu da ciwon ya zo kanta. In na fita ɗebo ruwa, sai in dawo in tarar ta cafke hannun dama da na hagu tana ta kokawar ɗaga shi, gumi na keto mata. In ajiye bokiti in ce, "Sannu Yaya, kin gaji, bari in gyara miki," in kwantar da hannun a kan matashi in ja zane in rufe. In ta yunƙura za ta zauna, kafin ta kai rabi na iso, na tallafe ta na mayar. Sai ta yi ta gurnani, "Ba... ba... ba..." tana nuna bango da ido, inda takardar take. In juya in ce wa ƴan dubiya, "Kun gani ko? Ko ganin takardar nan ba ta son yi. Zafi take ji." Su ce, "Allah sarki, a bar ta ta huta."

Akwai wata safiya, cikin wata na biyu, da ba na mantawa. Mu biyu ne kawai a ɗakin. Na kawo koko na ajiye kusa da ita, sai ta yi mini gurnani tana nuna hannunta da haɓa. Na duba. Manuninta na dama yana motsi. Kaɗan ne, amma yana yi, ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka. Idonta ya kawo ruwa, gefen bakinta mai lafiya yana murmushi. A wannan lokacin ta manta ko ni wace ce, murna kawai take so ta raba da wani. Ta ja hannun a kan zanen gado, da kafaɗa, da numfashi, da duk abin da ya rage mata, har yatsan ya taɓa bakin ludayi. Ina tsaye ina kallo. Na san abin da ake nufi da wannan motsin, ba wanda ya fi ni sani a garin nan. Abin da ya rage kawai in sa mata ludayin a tafin hannu in naɗe yatsunta a kai.

Na ɗauke ludayin na ce, "Za ki ƙona kanki, Yaya, da zafi." Na hura, na kai mata baki. Ta daɗe ba ta buɗe ba, tana kallona, ina kallonta. A nan ta gane. Kuma na so ta gane ɗin, don ramuwar da mai laifi bai san ana yi masa ba ai wahalar banza ce. Na ji daɗi, daɗi sosai, har kokon nan na ɗanɗana na ji ya fi na kullum gardi.

Ranar komawa asibiti kuwa ban taɓa bari ta wuce mu ba, don kada wani ya samu abin faɗa. In goya ta zuwa bakin lungu, mu shiga mota, mu je mu zauna a bencin jira. Bencin nan makaranta ne. A nan masu takarda ke tona wa juna asiri kafin a kira su. Wannan ta ce ita aikin gida ya hana ta, wancan ya ce shi mantawa yake. Wani tsoho mai ciwon gwiwa ya taɓa gaya mana cewa shi na sati biyun nan duka ya haɗa ya yi su yau da asuba, shi ya sa ya kasa tafiya. Amma da an shiga ciki an ce, "Ana yi?" kowa sai ya ce, "Ana yi, likita." Don haka yarinyar nan ta saba da jin ƙarya, sai dai daga bakin majinyata take tsammaninta, ba daga mai jinya ba.

"Inna, ana yi kuwa?"

"Muna fama, ƴata. Da na taɓa hannun sai ta yi ta ihu."

Yaya ta yi gurnani tana girgiza kai. Yarinyar ta durƙusa gabanta ta ce, "Hajiya, kin ga irin abin da ake faɗa ko? Ki daure ki riƙa ba ta haɗin kai."

Da damina maigida ya dawo, ya tarar da yayarsa fes, ta yi ƙiba, tana ƙamshin turare, ko ƙurji ɗaya babu a bayanta. Ya fita tsakar gida ya share hawaye, ya ce bai san da bakin da zai gode mini ba. Ƴaƴanta suka kawo mini turmin atamfa biyu. Na ɗinka, na sa, sun yi mini kyau.

Yatsan nan ya daina motsi tun kafin a yi girbi. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne baki. Wajen wata na takwas magana ta fara dawo mata, kalma ɗaya, kalma biyu, da nauyi amma ana ganewa. Ta ce "ruwa". Ta ce "salla". Ta kira sunan ƙanenta. Na shiga jiran ranar da za ta tara mutane ta tona ni. Har na tanadi amsa, zan ce ciwon ya taɓa mata kai. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba ta ce komai ba. In na ba ta abinci ta karɓa, in na juya ta ta ce, "Madalla."

Zuwanmu na ƙarshe wajen kine, shekara ta kusa zagayowa. Yarinyar ta yi ƙoƙarin buɗe yatsun, sun dunƙule gam. Ta lanƙwasa gwiwar, ta ƙi. Ta zauna, sannan ta yi maganar da na san za ta yi.

"Hajiya, gaskiya zan gaya miki. Lokacin da muke nema ya wuce. Yanzu sai dai mu hana abin ƙaruwa. Ni abin da ke ba ni haushi, jikinki ya so ya tashi, ke ce ba ki so ba. Ga shi Allah ya ba ki mai jinyar da ba kowa ke samu ba. Wannan ba ciwo ba ne ya kwantar da ke, ragwanta ce."

Shekara goma sha biyu ke nan ina jiran wani ya faɗa mata kalmar nan a gabana. Na ji ta har tafin ƙafata. Sannan na dubi bakin Yaya, don yanzu tana iya magana, kuma in za ta faɗa, yau ce ranar.

Ta tattaro kalmomin ɗaya-ɗaya. "Laifina ne... likita. Ita kam... ba abin da... ba ta yi mini ba."

Muka dawo Matameye. Direban ya sauke mu a bakin lungunmu, inda yashi ba ya barin mota ta shiga. Rana tsaka ce, lungun ba kowa. Na ɗaura ɗamara na durƙusa, direban ya ɗora mini ita a baya kamar kullum. Ta yi nauyi ƙwarai, nauyin tuwon da na yi shekara ina ɗura mata. Na miƙe da ƙyar, na fara takawa, haɓarta a kafaɗata, numfashinta a kunnena.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Kin huce?"

Na yi taku uku kafin in amsa. Na ce, "Na huce."

"To... riƙe ni da kyau," ta ce. "Mu a gidanmu... ba ma mutuwa da wuri."

Bayan wata guda babban ɗanta ya zo da mota daga Kano. Ya kama gida mai ɗaki uku a can, ya ce na gaji haka nan, zai tafi da mahaifiyarsa matarsa ta karɓi jinyar. Har na fara haɗa mata kaya. A gaban ƙanenta da ƴaƴanta da maƙwabta, Yaya ta ce ba inda za ta. Ta ce ba hannun da zai sake taɓa ta, ba wanda zai ba ta abinci, ba wanda zai kai ta bayan gida har ta koma ga Allah, sai Amarya. Mutane suka yi ta kabbara, wata har da kuka, wai ba su taɓa ganin ƙauna irin wannan ba.

Shekara bakwai ke nan. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suna ƙara, ba na zuwa biki, ba na zuwa suna, ko haihuwar ƴata ta fari ban kwana ba. Ita kuwa cin abincinta lafiya lau, haƙoranta ma ba wanda ya faɗi. Yanzu haka tana kirana daga ɗaki, lokacin juya ta ya yi.